Ƙarin Ƙashin Idon Sawu

Ƙarin ƙashin idon sawu wani ɗan ƙashi ne da wasu mutane ke da shi a gefen ƙafa na ciki, ƙasa kaɗan da idon sawu ta wajen gaba. Halitta ce, ba cuta ba, amma an daɗe ana ɗaukar irinsa a matsayin karaya, kuma yawancin tarihinsa labarin yadda aka rabe shi da karaya ne.

Yadda yake

Ƙafar babban mutum tana da ƙasusuwa 26, bakwai daga cikinsu a wajen dunduniya da idon sawu. Ɗaya daga cikin bakwan shi ne nabikula. A jikinsa wata jijiya mai ƙarfi ke kamawa, wadda ta sauko daga bayan ƙwauri ta zagayo bayan idon sawu, ita ce kuma ke tallafe da kwarmin tafin ƙafa. A nan ƙarin ƙashin yake fitowa. Yana farawa da guringuntsi, ya ƙosa tsakanin shekara 9 zuwa 11, shi ya sa ba a cika lura da shi ba sai yaro ya tasa. Kusan mutum ɗaya cikin goma na da shi, sau da yawa a ƙafa biyu.

Likitoci sun kasa shi uku. Na farko ƙarami ne kamar ƙwayar dawa, yana cikin jijiyar. Na biyu ya fi girma, guringuntsi ne ya haɗa shi da nabikula, shi ne kuma ya fi kawo ciwo idan mahaɗar ta motsu. Na uku ya riga ya manne, sai ya bar ƙullutu a gefen ƙafa.

Tarihin gano shi

Caspar Bauhin, malamin ilimin sassan jiki a birnin Basel na Suwizalan, shi ake jingina wa bayaninsa na farko a 1605. A 1804 Rosenmüller ya bayyana wani ƙarin ƙashin a bayan idon sawu. Wannan na biyun ya jawo gardama: a 1882 Francis Shepherd na Montreal ya ɗauke shi guntun ƙashin da ya karye, masanin Jamus Bardeleben kuwa ya tsaya a kan cewa ƙashi ne mai zaman kansa. Duk wannan bincike a jikin gawa ake yinsa.

Abin ya sauya a 1895, da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi. A 1896 Wilhelm Pfitzner ya fitar da babban nazari kan ƙarin ƙasusuwan ƙafa. Da hoton ƙashi aka iya ganinsu a jikin mai rai: gefen ƙarin ƙashi sumul yake, na sabuwar karaya kuwa yana da kaifi. Emil Geist ya yi rubutu a kansu a 1914, rabon gida ukun nan ma da sunansa ake kiransa. A 1929 likitan Amurka Frederick Kidner ya bayyana tiyatar cire ƙashin da gyara zaman jijiyar, ana kuma yin nau'o'inta har yau.

A Salaga, Yendi da Bawku

A ƙarni na 19 Salaga, da ke arewacin Gana ta yau, babbar kasuwar goro ce, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato na shafe watanni a ƙafa kafin su isa, da yawa ta hanyar Yendi. Zangunan da suka kafa a garuruwan nan, har da na Bawku, sun riƙe sana'o'in ƙasar Hausa, ciki har da ɗori. Ƙabilun yankin, Dagomba da Gonja da Kusasi, su ma suna da maɗoransu, waɗanda kan gaji sana'ar daga iyaye.

Har yanzu idan ƙafa ta gurɗe, mutane da dama wurin maɗori suke fara zuwa. Shi da hannu yake gane targaɗe da gocewa da karaya, ya shafa man kaɗe, ya ja, ya ɗaure da tsinken kara ko itace. A nan ne ƙarin ƙashin ke iya ruɗarwa. Yarinya ko ɗan ƙwallo mai shekara 13 zai zo da ƙullutu mai zafi a gefen ƙafa, a ɗauka ƙashi ne ya goce, a yi ta dannawa don ya koma. Ba inda zai koma, domin nan ne mazauninsa, murza shi ma ƙara kumburi yake yi. Alama mai sauƙi ita ce a duba ɗaya ƙafar, sau da yawa ita ma tana da irin ƙullutun. Tabbaci kuwa sai da hoto, a asibiti irin na Presbyterian da ke Bawku, ko na gwamnati a Yendi da Salaga, ko Asibitin Koyarwa na Tamale idan abin ya kai ga likitan ƙashi.

Magani

Yawancin masu shi suna ƙare rayuwarsu ba su san da shi ba. Wanda ya dama, ana fara masa da hutu, da takalmi mai faɗi wanda ba ya gugar wurin, da matashin da ke tallafe kwarmin tafin ƙafa, wani lokaci da ɗaurin filasta na 'yan makonni. Tiyata sai waɗannan sun gaza. Maɗorin da ya san da wannan ƙashi zai tura yaro ɗaukar hoto kafin ya ja ƙafar, ya hutar da shi wahalar ɗorin da ba ya buƙata.