Daga Faifan Talla Zuwa Wayar Hannu

'Yan'uwa mata, tunda bikin ƙungiyarmu ya sake zagayowa, bari mu waiwayi yadda muka riƙa sanar da jama'a cewa muna da abin sayarwa.

Iyayenmu a ƙasar Gumel daga cikin gida suka yi sana'a. Mace tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa, tana murza ƙuli-ƙuli, tana daka riɗi ta yi kantu, amma ƙafarta ba ta taka kasuwa. 'Yarta ce bakinta a waje. A ɗora wa yarinya faifai ta bi lungu-lungu, da yamma ta dawo a ƙirga ciniki. Kayan da suka fi ƙarfin faifai, irin su atamfa da kwanukan jere, dillaliya ce ke shiga da su gida-gida. Ita ta san gidan da ake shirin aurar da 'ya, ta san wadda ta kwashi adashi jiya. Ni dai har yau ban ga tallan da ya kai dillaliya sanin ƙofar da za a yi wa sallama ba.

Ranar Alhamis kuwa sai kasuwar Maigatari, inda fatake daga Nijar da kudancin Najeriya ke cika kara. Ranar ce mai fura da mai abinci ke yin cinikin mako. Sai dai yarinyar da ke riƙe da faifan ba ta cikin aji, kuma duk mun san haka.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta daɗe kafin ta iso hannun matan karkara. Da farko kira ne kawai: "Hajiya, akwai mai?" A 2017 WhatsApp ya fito da sitatus, inda hoto ko bidiyo ke zama awa 24 ya ɓace. Amma matsi ne ya tura yawancinmu ciki. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. A farkon 2023 kuma takardun naira suka yi wuya, mai saye na so, kuɗin hannu babu. Nan waɗanda ke gudun taransifa suka koya dole.

Mun yi tuntuɓe, ba kaɗan ba. Wasunmu sun ɗauko hoton kaya daga intanet suka ɗora, mai saye ya karɓi saƙo ya ga ba shi ba ne, bai sake dawowa ba. Wasu sun ɓoye farashi, wai sai an kira, aka wuce su. Wata 'yar'uwarmu ta biya kuɗi a Facebook don a yaɗa tallan furarta, ta manta ta zaɓi garuruwan da za a nuna wa, sai ga kira daga Legas. Ina fura ina Legas!

A hankali muka gane abin da ke ci. Bidiyo gajere, don mai kallo yana tausayin datarsa. A ɗauka da hantsi a tsakar gida, haske ya fito da launin man yadda yake. Ba sai fuska ta fito ba, hannu da kaya sun isa, wannan kuma ya kwantar da hankalin magidanta da yawa. A faɗi kuɗin kwalba da baki, a faɗi gari da motar da za a ba saƙo, domin da yawa daga masu sayenmu sun fi jin murya a kan karatu.

Yanzu a gidaje da dama 'yar tallan da tana makaranta, sai ta taso take riƙe wa innarta waya. A wasu ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa har gobe sabis da caji na ba da wahala. Can mace kan ɗauki bidiyon daddawarta ta ajiye, sai ranar da ɗanta zai shiga Gumel ya tafi da wayar ya ɗora mata.