Alhakin al'umma: kamfanonin riba da ƙungiyoyin agaji

Alhakin al'umma shi ne haƙƙin da ke wuyan ƙungiya na kiyaye lafiya da mutunci da dukiyar mutanen da aikinta ya shafa, ko da doka ba ta tilasta mata ba. Kamfani yana tara jari ne don ya raba riba ga masu hannun jari. Ƙungiyar agaji kuwa dukiyarta amana ce, ba a raba rararta ga amintattu, ana mayar da ita kan aikin da aka kafa ta dominsa. Dokar Kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta bai wa kowanne nasa babi, har sashe na 839 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun da suka ci amana, abin da wasu shugabannin addini suka yi wa ca.

A 1970 masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya ce nauyin kamfani shi ne ƙara riba muddin bai karya ƙa'ida ba. Abin da ya faru a Kano a 1996 ya nuna iyakar wannan ra'ayi. Ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin sabon maganinsa, Trovan, da yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke jinyar masu cutar kyauta. Yara 11 daga cikin waɗanda aka saka a gwajin sun rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, ya ce sanƙarau ne ya kashe su. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Tabon bai goge ba, domin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, maganar Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa.

Sai dai rashin neman riba ba shaidar tsarki ba ce. A 2018 aka bankaɗo yadda wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi lalata da mata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. Raunin a gindin tsarin yake: mai saye yana iya juya wa ɗan kasuwa baya, amma wanda aka bai wa sadaka ba ya da bakin ƙorafi, rahoton aiki kuma ga mai bayar da kuɗi ake kai shi.

A kudancin Jigawa akwai tsarin da ke rage wannan giɓi. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, yana karɓar hatsi daga manoma ya raba wa mabukata a bainar jama'a. Shari'a ta riga ta yanke adadin, wato ushiri ga noman damina da rabinsa ga na ban ruwa, ta kuma ƙayyade rukuni 8 na masu karɓa. Saboda haka talaka haƙƙinsa yake karɓa, ba alfarma ba, kuma manomin da ya fitar yana iya ganin inda buhunsa ya tafi.