Wa ya fara ƙera lu'ulu'u: wanda ya ɓoye ko wanda ya nuna?

A shekarar 1797 wani masani ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya tabbatar da cewa lu'ulu'u da gawayi asalinsu ɗaya, wato sinadarin kabon. Matsi da zafin da ke can ƙarƙashin ƙasa su ne ke sauya tsarin kabon ya zama dutsen da ya fi kowane dutse tauri. Daga nan masana suka shiga neman yadda za su kwaikwayi wannan matsi a ɗakin bincike.

An daɗe ana faɗi-tashi. A 1893 Henri Moissan na Faransa ya ce ya dace, bayan ya narkar da ƙarfe da kabon ya tsoma su cikin ruwa. Waɗanda suka bi hanyarsa daga baya ba su samu abin da ya ce ya samu ba.

A watan Fabrairun 1953 kamfanin ASEA na ƙasar Suwidin ya samu ƴan ƙwayoyin lu'ulu'u na gaskiya a birnin Stockholm, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranar 16 ga Disamban 1954 kuma, Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya samu nasa da wata na'urar matsi da ya ƙirƙira, a zafin da ya kai digiri 1,600. Kafin shekara ta ƙare wani abokin aikinsa, Hugh Woodbury, ya maimaita gwajin, shi ma ya samu. A Fabrairun 1955 aka shaida wa duniya.

Shi ya sa har gobe sunan Hall ake fara kira, duk da cewa ƴan Suwidin sun riga shi da kusan shekara biyu, kuma ladar da kamfaninsa ya ba shi takardar ajiya ce ta dala 10 kacal. Gani ya kori ji: a kimiyya, abin da wani bai iya maimaitawa ba labari ne kawai.

Yau ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan lu'ulu'un masana'antu, kuma shi ne ke bakin faifan da magina ke yanka dutse da shi. Masu bincike a jami'o'inmu su duba wannan tarihi: sakamakon da aka kulle a akwati, wani ne zai ci sunansa.