Takubban Ƙasar Karaye: Yadda Ake Gane Asalinsu

Tun ƙarni na 17 Karaye take garin yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623) Wambai Giwa ya zauna a can yana kai wa Katsinawa hari, har Sarki Kutumbi ya tuɓe shi. Saboda haka tsohon takobin da ke rataye a wani gidan sarauta na Karaye ko Rogo shaida ce ta tarihi, in an san yadda za a karanta shi.

Masu tara makamai na ƙasashen waje sukan rarrabe takubban tsibiran Filifin, kamar kris da kampilan da barong, bisa ga siffar ruwansu. Hausawa ma haka suka yi tun da. Miƙaƙƙen takobi mai kaifi biyu wanda ba shi da zane shi ne dunhu. Mai layi uku a ruwansa shi ne tamogashi. Lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya kuwa bisalami ne.

Amma siffa kaɗai ba ta isa ba, domin takobi ɗaya aikin hannu da yawa ne. Sau da yawa ruwan daga Solingen ta Jamus ya fito, fatake suka ƙetaro da shi Sahara. Maƙerin gida ya sa masa ƙota, baduku ya ɗinka kube. Kube kan tsufa a sake shi, ruwan kuwa yana nan, har ya girmi kubensa da shekara ɗari.

Akwai kuma tarko. Tambarin jinjirin wata da na kyarkeci, waɗanda ake gani a ƙarfen Turai, maƙeran Afirka sun kwaikwaye su don kayansu su yi daraja. Wanda ya dogara ga tambari kawai zai ba Bature aikin Bahaushe. Dole a duba kaurin ƙarfen, da miƙewar layukan, da yadda ruwan ke komawa daidai bayan an tanƙwara shi.

A 1964 A. D. H. Bivar ya wallafa nazarin makaman fadojin Arewa. Na gidajen hakimai da dagatai su ne ke jiran ɗalibai. Duk takobin da dillali ya saya kafin a rubuta sunan mai shi da yaƙin da ya je, ƙarfen ne kawai zai isa hannun mai tarawa, labarin kuwa ya tafi tare da tsofaffin gidan.