SHARI'A BIYU A KAN LAIFI ƊAYA: YADDA KANO TA GWADA DOKAR

Marubutanmu da yawa suna son ƙarasa labari a zauren kotu. Alƙali ya buga guduma, ya sallami wanda ake tuhuma, dangi su yi guɗa, shi ke nan an rufe littafi. To, ko a wajen doka ma nan maganar take ƙarewa?

Akwai tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga shari'ar Ingila, wadda ta ce duk wanda kotu ta hukunta ko ta wanke, ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi. Dalilin a fili yake: hukuma tana da 'yan sanda da lauyoyi da baitulmali, wanda ake tuhuma kuwa sai bakinsa. In aka sakar mata mara, za ta yi ta maimaita ƙara har sai ta dace da alƙalin da zai ɗaure shi. Dattawan Ƙofar Mazugal da Gwammaja, inda gidan Malam Aminu Kano yake, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin sun ga yadda aka riƙa jan 'yan NEPU gaban alƙalan En'e kafin 'yancin kai. A wancan zamani ne Kwamitin Willink ya ba da shawara, a 1958, a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Haka kuwa aka yi a 1960, kuma wannan kariya tana cikinsu. A tsarin mulkin 1979 tana sashe na 33(9), a na 1999 kuma sashe na 36(9).

Sai dai kariyar tana da ƙofa, kuma a Kano aka auna faɗinta. A 1979 an tuhumi wani attajirin ɗan kasuwa, Nafi'u Rabi'u, da kashe matarsa. Babban Jojin Kano na lokacin, Mai Shari'a Jones, ya sallame shi. Gwamnatin jiha ba ta haƙura ba, ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuwa ta rushe sallamar, ta same shi da laifin kisan da hukuncinsa bai kai na kisa ba, ta ɗaure shi shekara 4.

Daga nan sai Kotun Ƙoli. Lauyansa shi ne Cif Rotimi Williams, wanda shi ya shugabanci kwamitin da ya rubuta daftarin tsarin mulkin da ake jayayya a kansa. Hujjarsa ita ce wanda aka wanke ya wanku, ɗaukaka ƙara a kansa tamkar sake yi masa shari'a ne. A Nuwamba 1980 kotu ta ƙi wannan hujja. A ganinta ɗaukaka ƙara ci gaban shari'ar farko ne, ba sabuwa ba ce, ga shi kuma sashen da kansa ya keɓe abin da kotu ta sama ta yi umarni da shi. A nan ne Mai Shari'a Udo Udoma ya yi bayaninsa da lauyoyi ke yawan kafa hujja da shi, cewa tsarin mulki da faɗi ake fassara shi, ba da ƙunci ba. Abin lura, PRP ta Malam Aminu ce ke mulkin Kano a wannan rana da hukuma ta ci nasara.

Ni dai ina ganin kotu ta yi daidai, domin alƙali mutum ne, yana kuskure wajen saki kamar yadda yake yi wajen ɗauri. Amma ba ko'ina aka yarda da haka ba. A Amurka, in masu taya alƙali shari'a suka wanke mutum, gwamnati ba ta da bakin ɗaukaka ƙara. Ingila kuwa, wadda ta ba mu ƙa'idar, ta sassauta ta a 2003, ta halatta sake shari'a a manyan laifuffuka in sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana.