Tafkin Nyos da Iskar Lemon Kwalba

A Arewa maso Yammacin ƙasar Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya, akwai wani tafki da ake kira Nyos. Yana zaune cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. A daren Alhamis, 21 ga Agusta, 1986, wannan tafki ya hallaka mutum wajen 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, ba da ambaliya ba, ba kuma da gobara ba. Iska ce ta kashe su, irin wadda ke cikin lemon kwalba.

Sunan iskar kabon dayoksaid. Ita muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa ƙullin burodi ya tashi. A masana'anta ana tura ta cikin ruwan sanyi da ƙarfi, ta narke kamar gishiri, a danne da murfi. Muddin murfin na nan, ruwan shiru yake. Da an buɗe, ko an girgiza kwalbar, sai iskar ta taso da kumfa.

To, haka Nyos yake. Shekara da shekaru iskar tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa, tana narkewa a ruwan gindin tafkin. Nauyin ruwan sama shi ne murfin. Ga shi kuwa ƙasar ba ta da hunturu mai tsanani da zai juya ruwan, saboda haka na ƙasa bai gauraya da na sama ba, sai ƙara cika yake yi. A wannan dare wani abu ya motsa shi. Masana da yawa suna zaton zaftarewar duwatsu ce. Ruwan gindi ya taso, danniya ta ragu, kumfa ta ja wata kumfa, har tafkin ya amayar da abin da ya tara.

Abin da ya sa ɓarnar ta yi yawa, wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi kamar sau ɗaya da rabi, ba ta da launi kuma. Sai ta gangara cikin kwaruruka tamkar kogi, ta kore iska mai kyau a ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Fitila ba ta ci a cikinta, mutum ma ba ya daɗewa. Da yawa a kan shimfiɗarsu aka same su. Fulani makiyaya sun yi hasarar garkuna ɗungum. Da gari ya waye, ruwan tafkin ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga gindi.

An riga an sami gargaɗi, domin a 1984 tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Duk da haka sai a 2001 aka kafa bututu na farko a Nyos, jinkirin da ya yi yawa ƙwarai. An ƙara biyu a 2011. Dabarar mai sauƙi ce: ruwan gindi yana hawa cikin bututun da ƙarfin kumfarsa, ya yi tsiri sama, iskar ta fice kaɗan kaɗan.

Ruwan Nyos yana gangarawa kogin Katsina-Ala. Tsoron kada bangon tafkin ya fashe yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.