Kofin FA na kakar 1999/2000: shekarar da mai riƙe da kambu bai kare kambunsa ba

Kofin Ƙalubale na Ingila, wanda aka fi sani da Kofin FA, shi ne gasar ƙwallon ƙafa mafi tsufa a duniya, domin tun kakar 1871/72 ake buga shi. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda ƙungiyar ƙauye da ƙungiyar attajirai kan shiga ƙuri'a ɗaya, wanda aka doke kuma ya tattara nasa ya nasa. Chelsea ce ta ɗauki kofin a kakar 1999/2000, bayan ta ci Aston Villa 1-0 ranar 20 ga Mayu, 2000, a wasan ƙarshe na gasar da aka buga a tsohon filin Wembley kafin a rushe shi. Sai dai ba da wanda ya ci kofin aka fi tuna kakar ba. An fi tuna ta da Manchester United, wadda ke riƙe da kambu amma ba ta shiga gasar ba sam, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin kofin. Dalilin janyewar kuwa ba daga filin wasa ya fito ba, daga ofisoshin hukumar ƙwallon Ingila da na gwamnatin Birtaniya ya fito.

Yadda aka yi United ta janye

A watan Mayun 1999 United ta haɗa kofuna uku a kaka guda: Firimiya da Kofin FA da Kofin Zakarun Turai. Cin na ukun ne ya ba ta gurbi a wata sabuwar gasa da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta ƙirƙiro domin zakarun nahiyoyi, wadda aka tsara bugawa a Brazil daga 5 zuwa 14 ga Janairun 2000. Lokacin ya ci karo da jadawalin cikin gida, ga shi kuma a kakar ne aka faɗaɗa Gasar Zakarun Turai aka ƙara mata zagayen rukuni na biyu, ga wasan zakarun Turai da na Kudancin Amurka da ke jiran United a Tokyo a ƙarshen Nuwamba.

A daidai wannan lokaci Ingila na neman ɗaukar baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta 2006, tana takara da Jamus da Afirka ta Kudu da Maroko da Brazil. Mutum 24 na kwamitin zartarwar FIFA ne ke da ikon zaɓe, sabuwar gasar ƙungiyoyin kuma shalelen shugaban FIFA ce, Sepp Blatter. Hukumar FA da ministan wasanni na lokacin, Tony Banks, sun lissafa cewa idan zakaran Turai ya ƙi zuwa Brazil, masu ƙuri'a za su ɗauke shi a matsayin raini daga Ingila. Abin da ya ƙara tayar masu da hankali shi ne ƙungiyar da za ta maye gurbin: Bayern Munich ta Jamus, wadda United ta doke a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Wato kenan abokiyar hamayya ce za ta je ta kwashi farin jinin. Don haka FA da kanta ta buɗe wa United ƙofar ficewa daga kofin da ke ɗauke da sunan hukumar, kuma a ƙarshen Yunin 1999 aka sanar cewa ƙungiyar ta karɓi tayin.

Wannan batu na buƙatar a tsaya a kansa, domin har yau akwai masu ba da labarin kamar United ce ta ga kuɗi ta yi watsi da al'ada. Ƙungiyar ba ta wanku ba, tana da ikon cewa a'a, ko ta tura matasanta su buga kofin, ba ta yi ba. Amma mai kofin ne ya fara ƙarya darajarsa. Kuma ba wannan ne karon farko da neman kusanci da FIFA ya jefa FA cikin abin kunya ba: watanni kaɗan kafin haka, shugaban gudanarwarta Graham Kelly da shugabanta Keith Wiseman sun rasa kujerunsu saboda alƙawarin fam miliyan 3.2 da aka yi wa hukumar ƙwallon Wales, wanda aka danganta da neman goyon bayanta ga takarar Wiseman ta mataimakin shugaban FIFA.

Jama'a ba su yi shiru ba. Jaridar Daily Mirror ta ƙaddamar da gangamin neman a mayar da United cikin gasar. Kate Hoey, wadda ta gaji Banks a ma'aikatar wasanni a watan Yulin 1999, ta fito fili ta soki janyewar, alhali wanda ta gada ya koma wakilin Firaminista Tony Blair na musamman kan neman baƙuncin gasar. Gwamnati ɗaya ta zama mai baki biyu a kan magana ɗaya. Duk da haka ba a sauya komai ba.

Ƙungiyar da aka fitar ta dawo

Zagaye na uku na Kofin FA na buƙatar ƙungiyoyi 64: guda 44 daga manyan rukunoni biyu na Ingila, da 20 da suka tsallake zagaye na biyu. Rashin United ya bar 63. Maimakon a bar wata ƙungiya ta wuce ba tare da wasa ba, sai aka jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda aka riga aka fitar a zagaye na biyu. Ƙuri'ar ta faɗa kan Darlington, ƙungiyar rukuni na huɗu wadda Gillingham ta ci 3-1. Aka haɗa ta da Aston Villa a Villa Park, ta sha kashi 2-1, ta shiga tarihi a matsayin ƙungiyar da aka fitar sau biyu daga gasar sili-ɗaya-ƙwale a kaka ɗaya.

An kuma taɓa wata al'adar. Zagaye na uku bisa saba a makon farko na Janairu ake buga shi, amma a wannan kaka aka dawo da shi cikin Disamba. Magoya baya ba su karɓi canjin ba, kuma a kakar da ta biyo baya aka mayar da shi inda yake.

A fili kuwa gasar ba ta rasa abin da aka san ta da shi ba. Wrexham ta rukuni na uku ta fitar da Middlesbrough. A zagaye na huɗu Blackburn ta ci Liverpool 1-0 har gida a Anfield, Leicester kuma ta fitar da Arsenal a bugun fenariti. Gillingham ta kayar da ƙungiyoyin Firimiya biyu a jere, Bradford City da Sheffield Wednesday, kafin ta gamu da gamonta. A wasan Tranmere da Sunderland an yi wani ruɗani a mintunan ƙarshe, inda aka kori ɗan wasan Tranmere da jan kati a daidai lokacin da za a yi canji, wanda zai shigo ya shigo, ƙungiyar ta ci gaba da wasa da mutum 11. An bar sakamakon yadda yake, Tranmere ta wuce.

Abin da aka samo a Brazil

Tafiyar da aka sayar da kofi dominta ba ta yi albarka ba. A wasan farko United ta yi kunnen doki 1-1 da Necaxa ta Meziko, aka kuma ba David Beckham jan kati. A na biyu Vasco da Gama ta lallasa ta 3-1 a filin Maracanã, Romário ya ci biyu, Edmundo ya ci ɗaya. Nasarar 2-0 da ta samu kan South Melbourne ta Ostareliya ba ta hana ta fita tun daga rukuni ba. Corinthians ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Vasco a bugun fenariti. Raja Casablanca ta Maroko ce ta wakilci Afirka.

Riba ɗaya da United ta samu ita ce hutu a ƙasa mai rana yayin da abokan hamayyarta ke fama da sanyi da cunkoson wasanni. Ta dawo ta lashe Firimiya da tazarar maki 18 tsakaninta da Arsenal. Shekaru bayan haka kocinta Alex Ferguson ya ce ya yi nadamar janyewar, domin sun yi ne don taimaka wa ƙasa amma su aka bari da shan suka. Ita kanta gasar ta FIFA ba ta sake gudana ba sai a 2005, bayan an soke ta 2001 da aka shirya yi a Sifaniya.

Hanyar zuwa Wembley

Chelsea ƙarƙashin Gianluca Vialli ta fara da cin Hull City 6-1, ta wuce Nottingham Forest da Leicester, sannan ta yi wa Gillingham 5-0, wasan da wani matashi mai suna John Terry ya ci wa ƙungiyar ƙwallonsa ta farko. A wasan kusa da na ƙarshe ta ci Newcastle 2-1, Gustavo Poyet ne ya ci duka biyun. Villa ta John Gregory, bayan Darlington, ta fitar da Southampton, ta ci Leeds 3-2 da ƙwallaye uku na Benito Carbone, ta wuce Everton, sannan ta tashi babu ci da Bolton kafin ta yi nasara 4-1 a bugun fenariti. Dion Dublin ne ya buga na ƙarshe, watanni huɗu kacal bayan ya karye a wuya a wani wasan Firimiya.

Wasan ƙarshe bai yi armashi ba, musamman kafin hutun rabin lokaci, kuma kusan duk wanda ya yi sharhi a kansa ya faɗi haka. A minti na 73 Gianfranco Zola ya bugo tazara, ƙwallo ta kufce wa mai tsaron ragar Villa David James, ta bugi Gareth Southgate ta faɗo gaban Roberto Di Matteo, ya narka ta a raga. Shi ne dai ya ci Middlesbrough cikin minti na farko a wasan ƙarshe na 1997. Kyaftin Dennis Wise ya hau matakalar Wembley riƙe da jaririn ɗansa ya karɓi kofin a gaban 'yan kallo sama da 78,000.

Afirka ta Yamma na da rabo a wannan rana. Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta 1996, shi ya tsare wa Chelsea bayan hagu. A gaba akwai George Weah, wanda ya zo aro daga AC Milan a watan Janairu, ya kuma zama shugaban ƙasar Laberiya daga 2018 zuwa 2024. A ɓangaren Villa akwai Ugo Ehiogu, ɗan asalin Najeriya, da George Boateng wanda aka haifa a Ghana.

Filin da aka fara buga wasan ƙarshe a cikinsa a 1923 an rufe shi a watan Oktoban 2000. Daga 2001 zuwa 2006 a Cardiff aka riƙa kammala gasar. Da aka buɗe sabon Wembley a 2007, Chelsea ce ta sake ɗaukar kofin farko a cikinsa, ta ci Manchester United 1-0.

Ƙuri'ar Zurich

Ranar 6 ga Yuli, 2000, mako bakwai bayan wasan ƙarshe, kwamitin FIFA ya zauna a Zurich. Brazil ta riga ta janye. Ingila ta samu ƙuri'a biyar a zagayen farko, biyu a zagaye na biyu, aka fitar da ita. Hakan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Tun farko Hukumar Ƙwallon Turai, UEFA, bayan Jamus take, bisa wata yarjejeniyar baka da aka ce an ƙulla cewa Ingila ta karɓi gasar Turai ta 1996, Jamus kuma a mara mata baya a 2006. Ƙasar da nahiyarta ba ta tare da ita ba ta da hanyar cin zaɓen, ko da ta tura ƙungiyoyi goma Brazil. Tarzomar da magoya bayan Ingila suka tayar a Brussels da Charleroi lokacin gasar Turai a watan Yuni ta ƙarasa abin da ya rage.

A zagayen ƙarshe Jamus ta ci Afirka ta Kudu da ƙuri'a 12 da 11. Charles Dempsey na New Zealand, shugaban hukumar ƙwallon yankin Oceania, wanda aka umarta ya zaɓi Afirka ta Kudu idan Ingila ta faɗi, ya ƙi kaɗa ƙuri'a, yana cewa an matsa masa lamba fiye da kima. Da ya bi umarnin, da an tashi 12 da 12, da Blatter ne zai raba gardama, kuma an san Afirka ta Kudu yake so. Haka Afirka ta jira har 2010.

Maganar ba ta mutu a nan ba. A watan Oktoban 2015 mujallar Der Spiegel ta wallafa zargin cewa kwamitin neman baƙunci na Jamus ya yi amfani da wani ɓoyayyen asusu na Yuro miliyan 6.7, kuɗin da suka fito daga hannun tsohon shugaban kamfanin Adidas, Robert Louis-Dreyfus. Franz Beckenbauer, wanda ya jagoranci kwamitin, ya musanta cewa an sayi ƙuri'a. Shugaban hukumar ƙwallon Jamus Wolfgang Niersbach ya yi murabus a watan Nuwamba na shekarar. Binciken da kamfanin lauyoyi na Freshfields ya fitar a 2016 ya ce bai samu hujjar sayen ƙuri'a ba, amma bai iya kore yiwuwarsa ba, ya kuma bi sawun kuɗin har zuwa wani kamfani a Qatar mai alaƙa da Mohamed bin Hammam, ɗaya daga cikin masu zaɓen na 2000. Shari'ar da aka fara a Suwizalan ta ruguje a watan Afrilun 2020 ba tare da hukunci ba, saboda wa'adin da doka ta ɗiba ya cika.